Yadda ake haɗa amfilifaya da fedojin jita kafin a hau dandamali

Tambaya ɗaya ce yaran da ke koyon jitar lantarki suke ta maimaita min, wani ya tare ni bayan an tashi biki ina naɗe waya, wani ya biyo ni har gida: "Oga, a ɗaki in na kaɗa sautin kamar zuma, amma ina hawa dandamali sai ya koma kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani, wani lokacin ma ba a ji na kwata-kwata, ko jitar ce ba ta da kyau?" Galibi jitar ba ruwanta. Saitin ɗaki daban, saitin taro daban, kuma akwai abin da ake fara yi kafin wani. Toh ga yadda nake bi daga sauke kaya har kwashe su, kowa ya karanta ya huta da tambaya ni ma in huta.

1. Kayan da za ka tanada

Amfilifaya iri biyu ce a takaice, mai kwalba, wato mai 'yan kwalaben gilashi a ciki masu ƙarfafa sauti, da mai taransisto ko dijital. Mai kwalba tana da daɗin sauti ba musu, irin su Fender Blues Junior mai wat 15 ko Vox AC30 mai wat 30, amma tana da nauyi, kwalaben ba sa son girgizar hanya, ba sa son wuta mai hawa da sauka. In kai mai yawon biki ne a bayan a-kori-kura, ni dai shawarata ka nemi mai taransisto ko dijital, Boss Katana 50, ko Peavey Bandit 112 ko da ta hannu ce, ko Roland JC in aljihu ya yarda.

Kar yawan wat ya ruɗe ka. Wat 100 ba ta ninka wat 50 a kunne ba, desibel 3 kacal ke tsakaninsu, sai ka ninka wat sau goma kafin kunne ya ji ƙarar ta ninka. Mai kwalba wat 15 zuwa 30, ko mai taransisto wat 50 zuwa 100, ta ishe ka tsayawa kusa da mai ganga, sauran aikin na manyan sifikun taro ne.

Sai wayar jita mai kyau guda biyu da ta uku ta ko-ta-kwana, gajerun wayoyin haɗa feda da feda (feda ɗan akwati ne da ake takawa da ƙafa ya canza sautin jita), tiyuna mai saita tsirkiya, feda ɗaya ta obadirayib mai sa sauti ya yi kaushi, ɗaya ta dilei mai maimaita sauti, adaftar fedoji, ekstenshin mai baki uku, sitabilaiza, mitar auna wuta, tocila, salatif, tsirkiya sabuwa saiti ɗaya.

Maganar kuɗi, farashin naira na bin dala ne kullum yana motsi, don haka ka riƙe wannan ma'aunin: makirfon Shure SM57 sabo wajen dala 100 yake, duk wanda ya miƙo maka shi a kwali a kan rubu'in haka jabu ne, kuma jabunsa ya cika kasuwa. Akwatin ifek mai komai-da-ruwanka, wanda ya haɗa aikin fedoji da yawa a jiki ɗaya, irin Zoom G1X Four bai kai kuɗin fedoji biyu masu kyau ba, don haka mai farawa gara ya fara da shi. Inda ba a rowa shi ne waya da adafta. Na ga masu feda shida suna haɗa su da wayar da ko rediyo ba za a yarda a sa mata ba.

Kuma yawan feda ba shi ne iyawa ba. Ka dubi makaɗan jitar Agadas a wurin biki, fili ne, ƙasa ce, janareta na gefe yana ta faman yi, ƙaramar amfilifaya da feda ɗaya ko babu, amma sautin na ratsa taro har ƙarshen layi.

2. Wuta tukuna, kafin ka taɓa komai

Nan zan daɗe, don nan ne ake asarar kaya, wani lokacin har da rai.

Juya bayan amfilifayar ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutarmu a Najeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 240 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 suke ci, na Japan 100. In ka sayi ta hannu ka ga 120V a rubuce, ba ta shiga soket ɗinmu sai da taransifoma mai rage wuta, kuma taransifomar ta fi abin da amfilifayar ke ja ƙarfi sosai, ninki biyu ya fi kwanciyar hankali. Ka lura, abin da take ja daga soket shi ake dubawa, ba wat ɗin da take fitarwa a sifika ba, lambobin biyu daban suke.

Gargaɗi: ɗan adaftan nan da ke canza bakin fulogi daga siriri zuwa mai kusurwa ba ya rage wuta, baki kawai yake canzawa. Sakan ɗaya ya isa ka ji ƙauri.

Bayan haka sa mita a soket ɗin da aka nuna maka ka ga nawa take bayarwa. In janareta ne, ka tambayi me da me ke kansa. Akwai wani biki da muka yi a wani ɗakin taro, duk bayan 'yan mintoci sai amfilifayata ta yi "fat" sautin ya dushe ya dawo, na canza waya na canza feda na kusa zagin jitar, ashe firizar lemo aka jona a layi ɗaya da mu, duk sanda injinta ya tashi sai ya ja wutar ƙasa. Tun daga ranar nake bin ekstenshin da ƙafa har in ga inda ya fito. Firiza, injin ruwa, hita, fitilun ado masu walƙiya, duk a raba layi da su. Kayan sauti kuma, amfilifayarka da miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin kowa ta aika manyan sifiku, su sha daga wuri ɗaya, wannan kaɗai na kashe rabin gurnanin da ake fama da shi.

Sa sitabilaiza tsakanin soket da kayanka. In za a canza daga wutar NEPA zuwa janareta ko a dawo, kashe amfilifaya tukuna, a gama canzawa wuta ta zauna sannan ka kunna. Ka roƙi mai kula da injin ya riƙa yi maka ishara kafin ya taɓa.

Babban gargaɗi: bakin nan na uku a fulogi, wayar ƙasa wadda masu gyaran wuta ke cewa ating, kar ka karya shi, kar ka bari wani ya yanke shi wai don gurnani ya tafi. Tsirkiyar jitarka a haɗe take da jikin amfilifaya, in wuta ta zube ciki babu wayar ƙasa, ta jikinka za ta bi, musamman in hannunka na kan tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Scotland, Leslie Harvey, haka ya rasu a kan dandamali a garin Swansea, makirfon da ba shi da wayar ƙasa ya taɓa. In za ka yi waƙa kana kaɗawa, sa mita a ma'aunin AC, baki ɗaya a tsirkiya ɗaya a kan ragar makirfon, ya kamata ka ga kusan sifili. In ka ji ko ɗan tsikari a leɓe, tsaya, a nemo mai gyaran wuta. Kuma ba a kiɗa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, da damina musamman.

3. Inda za ka ajiye amfilifayar

Kuskuren da kusan kowa ke yi: a ajiye ta a ƙasa dab da ƙafa, tana hura wa gwiwa. Gwiwa ba ta da kunne. Siririn sauti yana fita ne a miƙe kamar hasken tocila, kai da ke tsaye a kanta ba ka jin sa, sai ka yi ta ƙara tirebul da boliyum, su kuwa iyayen amarya da ke layin gaba su ne ke shan azaba.

Ɗora ta a kujera ko akwati, ko ka kishingiɗar da ita baya ta kalli kanka, ka tsaya kamar taku uku zuwa huɗu daga gare ta. Kar ta kalli makirfon mawaƙi. Kar ka cusa ta a kusurwar ɗaki don bes zai kumbura ya cika wuri, ka bar mata tazara da bango ta sha iska. In a fili ne da rana, a nema mata inuwa, baƙar fata ce da ita tana shan zafi.

4. In kan amfilifaya da akwatin sifika daban suke

Mai amfilifayar da sifika ke jikinta ya wuce gaba. In kan daban akwatin daban, da wayar sifika ake haɗa su, ba wayar jita ba. Bakinsu iri ɗaya ne shi ya sa ake ruɗewa, amma ta jita siririya ce a ciki, za ta yi zafi ta iya narkewa. Ta sifika kuma in ka sa wa jita gurnani za ka sha don ba ta da rigar kariya. Ni ina naɗa jan salatif a ta sifika.

Duba om, lambar da ke rubuce a jikin akwatin da ramukan kan: akwatin om 8 a ramin om 8, na 16 a na 16. Akwati biyu masu om 8 in ka jona su a ramuka biyu na bayan kan, sun koma om 4.

Gargaɗi: mai kwalba ba a kunna ta babu sifika a jone, taransifomar cikinta ce za ta ƙone, gyaranta kuwa ba arha.

5. Jerin fedoji

Daga jita zuwa amfilifaya, ga yadda aka fi jerawa: tiyuna, sai wawa, sai kwamfiresa, sai obadirayib ko distoshin, sai su koras da feza da filanja, sai dilei, ribab mai sa amsa-kuwwa a ƙarshe. Fedar wawa ɗin nan sunanta ne haka don kukan da take yi, ba zagi ba ne, kodayake wanda ya taka ta daga farkon waƙa har ƙarshe sunan ya kusa dacewa da shi.

Dalilin jerin a aikace: dilei maimaita abin da aka ba ta take yi. In ka ba ta sautin da ya riga ya yi kaushi, za ta maimaita shi tsaf. In kuwa ka sa ta gaban distoshin, distoshin zai dama maimaicin da sabon bugu wuri ɗaya ya zama kunu. Tiyuna a farko don ta ji jitar tsantsa, kuma da ka taka ta sauti ke yankewa, ka saita tsirkiya shiru ba tare da ka dami jama'a ba. Tsohuwar fedar kaushi ta faz irin Fuzz Face ita ce mai rigima, ta fi son jita ta shige ta kai tsaye, sai a sa ta gaban kowa.

Yawancin fedoji shigarsu ta dama ce fitarsu ta hagu, wato jerin daga dama yake tafiya zuwa hagu. Sau nawa na ga yaro ya jona a juye yana rantsuwa feda ta mutu.

In kaushin sautinka daga amfilifayar kake samo shi ba daga feda ba, duba bayanta ko akwai ramuka biyu da aka rubuta SEND da RETURN. Waya daga SEND ta shiga dilei, daga dilei zuwa ribab, daga ribab ta koma RETURN. Wawa da obadirayib su zauna a gaba. In kuwa amfilifayar a wanke take, wato ba kaushi, kana samun kaushi daga feda, ba ka buƙatar wannan wahalar, jera komai a gaba shikenan. Katana 50 ma ba ta da ramukan, sai mai wat 100.

Waya in ta wuce mita biyar zuwa shida tana fara cinye siririn sauti. Feda ɗaya ta Boss a layin, ko a kashe take, tana taimakawa, don akwai abin da ke ƙarfafa siginar a cikinta.

6. Wutar fedoji

Abu uku za ka duba a jikin kowace feda da adafta: bolt, wajen da nagatif yake, da miliam, wato yawan wutar da take ja. Yawancinsu bolt 9 ne DC, nagatif a tsakiya. Adaftar rawuta ko ta dikoda ko ta kibod da ka tsinta a gida galibi fozitif ne a tsakiya, wata ma bolt 12 ce, bakin zai shiga lafiya lau fedar ta tafi lahira. Akwai ɗan zane a jiki mai alamar ragi da tarawa, ka dube shi da tocila.

Miliam kuwa gara adafta ta fi abin da ake buƙata, feda iya cikinta take ja. Obadirayib irin Tube Screamer ba ta kai miliam 10 ba, amma dilei da ribab na dijital suna jan daga gommai har ɗari biyu, ɗari uku. Tara na duka ka ga ko adaftar za ta ɗauka. In ka jera su a waya ɗaya mai 'ya'ya ka ji wani siririn "wiii", dijital ɗin ce ke zuba datti a layin, ba ta tata adaftar daban, ko ka sayi akwatin wuta mai ramuka a rarrabe.

Mai amfani da batir: muddin waya na cikin ramin shiga, batir na ci ko fedar a kashe take. Zare in an tafi hutun sallah ko cin abinci.

7. Kunnawa da wankakken sauti

Boliyum a sifili, jona komai, kunna fedoji, amfilifaya ita ce ta ƙarshe. Wajen kashewa ita ce ta farko. In mai kwalba ce mai makunnin STANDBY, kunna wuta ka ba ta kamar minti ɗaya ta ɗumama sannan ka buɗe.

Yanzu kashe duk fedoji. Saita tsirkiya, ka tabbata tiyuna na kan 440, ma'aunin da kowa ke saita kayan kiɗa a kai, kar ta goce kai kaɗai ka bambanta da mai kibod. Sa BASS da MID da TREBLE duk a tsakiya, GAIN, maɓallin da ke ƙara kaushi, ƙasa-ƙasa, ka ɗaga MASTER har ƙarar da za ka yi kiɗan da ita da gaske, ba ƙarar ɗaki ba. Wannan shi ne sirrin duka. Kunne ba ya jin bes da tirebul sosai in sauti na ƙasa, shi ya sa a ɗaki kake ƙara su ka rage mid ka ji daɗi. Da an ɗaga ƙara sai su biyun su yi tsalle, bes ɗinka ya shiga gonar mai jitar bes da babbar ganga, tirebul ya shiga gonar farantan mai ganga, mid kuwa da ke gonarka ta gado ka riga ka sayar. Sai a ga hannunka na motsi ba a jin komai.

Don haka a taro: bes ka rage shi zuwa 3 ko 4, mid ka kai shi 6 ko 7, tirebul daidai yadda ba zai soki kunne ba. Kai kaɗai za ka ji kamar sautin ya rame, har ya yi ɗan hanci. Bar shi. Da sauran sun shigo za ka ga ya zauna daram.

8. Kaushi da daidaita ƙara

Taka obadirayib. Gein ɗin da kake sawa a gida, rage kashi ɗaya cikin uku. Gein mai yawa yana ɓoye kuskuren yatsa shi ya sa muke son sa, amma yana take sautin ya zama laushi ɗaya, bugu ba ya fita, ga huci ga kuka.

Sai ka daidaita LEVEL: kunna, kashe, kunna, kashe, kana buga abu ɗaya, har ƙarar ta zo ɗaya ko ta kunne ta ɗan fi kaɗan. Haka za ka bi kowace feda ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ke ɓata wa mai miksa rai irin ya saita ka a wanke, ka taka feda ƙara ta ninka, dole ya ja ka ƙasa, kuma wallahi ba zai dawo da kai ba har a tashi.

Na solo, wato inda kai kaɗai za ka fito, ka tanadi feda ɗaya da za ta ɗaga ka kaɗan. In ka sa ta gaban distoshin kaushi za ta ƙara ba ƙara ba, in kana son ƙara sa ta bayansa. Wata dabarar da ba ta cin ko sisi: maɓallin boliyum na jikin jitar ka ajiye shi a 7 lokacin rakiya, in solo ya zo ka buɗe 10.

9. Dilei da ribab

Kamar gishiri suke a miya. Ɗakin taro mai tayil da silin mai tsawo ya riga ya ba ka ribab kyauta, in ka ƙara naka sai ka koma kamar mai kiɗa a cikin rijiya. A irin wurin kashe shi ko ka bar ɗan kaɗan. A fili ne ake ɗan buɗe shi don babu bangon da zai dawo da sauti.

Dilei kuma dole ta bi gudun waƙa. Lissafin: raba 60,000 da bugun waƙar a minti. Waƙa mai bugu 120, milisakan 500 kenan kowane bugu, rabinsa 250, in kana son mai ɗan tsalle-tsallen nan ka ɗauki kashi uku cikin huɗu, 375. In fedar na da wurin bugawa da ƙafa, bi mai ganga ka taka sau huɗu, ya fi sauƙi don mai ganga ba agogo ba ne. Maimaici biyu zuwa uku ya isa, ƙararsa kuma ƙasa da ainihin bugun.

10. Masu akwati ɗaya

In Zoom ko Boss GT-1 ko POD Go ko makamancinsu kake riƙe da shi, tambaya ɗaya ce: ina za ka jona? In gaban amfilifayar jita ne, kashe kwaikwayon akwatin sifika da ke ciki, wanda ake rubuta CAB, in ba haka ba sifika biyu kenan a jere, sautin zai fito kamar an rufa masa bargo. In kai tsaye miksa za ka, toh kunna shi dole, in babu shi distoshin zai zama ƙudan zuman gwangwanin nan da ake kawo min ƙara a kai.

Saitin da ya zo daga kamfani an yi shi ne don ya burge a shago, ribab da gein sun yi masa yawa. Gina naka guda uku kawai, wankakke, mai ɗan kaushi, na solo, a jere kusa da juna, ka daidaita ƙararsu. Kuma adaftarsa ta asali kawai, waɗannan suna jan wuta da yawa.

11. Kai sauti miksa

Haska tocila ta ragar gaban amfilifayar ka gano inda sifikar take, ba kullum take tsakiya ba. Za ka ga ɗan ƙoƙo a cibiyarta. Sa bakin makirfon daidai inda ƙoƙon ya haɗu da takardar sifikar, tazarar yatsa ɗaya ko biyu daga raga. In sautin ya yi kaifi matsar da shi waje kaɗan, in ya dushe matso da shi tsakiya. Motsin yatsa biyu a nan ya fi duk murɗe-murɗen da za a yi a miksa. In ka samu wurin, manna salatif a ragar don gobe.

Rataye makirfo ta saman amfilifaya yana lilo yana kallon ƙasa, kowa na yi in babu sanda, amma ba ta gefe aka yi shi ya ji ba, nemi gajeriyar sanda.

In babu makirfo, yi amfani da ramin LINE OUT ko akwatin DI, ɗan akwatin da ke kai sauti miksa ta waya. In gurnani ya taso, ɗan makunnin GROUND LIFT da ke jikin DI shi ake taɓawa, wannan ba shi da haɗari, ba ruwansa da wayar ƙasa ta fulogi.

Gargaɗi: ramin SPEAKER OUT ba ya zuwa miksa, har abada. Za ka ƙona musu layi ka jawo wa kanka biyan abin da ba ka shirya ba.

12. Gwaji da sauran 'yan ƙungiya

Ganga da bes su fara, sai kibod, sai kai, murya a ƙarshe a samanku duka. Ba wa mai miksa sautinka mafi ƙara ya saita da shi, sannan wankakken. Ku buga waƙar da ta fi kowacce hayaniya, in wayarka doguwa ce sauka ka je inda jama'a za su zauna ka ji da kunnenka, ko ka tura wanda ka yarda da kunnensa.

Da an gama, hannunka ya bar MASTER. In ba ka jin kanka a tsakiyar kiɗa, ƙara karkato amfilifayar ko ka ce a ƙara maka a monita, sifikar da ke kallon makaɗa. Da ka ƙara, mai kibod zai ƙara, mai bes zai ƙara, mawaƙiya ta yi ta ihu har muryarta ta dushe. Ka gaisa da mai miksa da mutunci tun da ka iso, ka kira shi injiniya ko da jiya ya fara, sautinka a hannunsa yake.

Kunnenka kuma ka tausaya masa. Ƙarar desibel 85 awa takwas ce iyakarta, duk ƙarin desibel 3 lokacin na rabewa biyu, a desibel 100 minti goma sha biyar kenan, dandamali kusa da ganga kuwa yana kaiwa can. Abin toshe kunne na makaɗa ba shi da tsada.

13. In ƙara ta taso ana tsaka da aiki

Kar ka tsaya murɗe-murɗe. Zare jita daga fedoji ka jona ta kai tsaye a amfilifaya da wayar ko-ta-kwana. In ta yi, matsalar na cikin fedoji, ka gama waƙar a haka, in an huta ka mayar da su ɗaya-ɗaya har ka kama mai laifin, kuma yawanci ɗan gajeren wayar haɗi ne.

Gurnani mai kauri "huuu" wanda ke canzawa in ka juya jiki, fikof ne, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sauti, mai layi ɗaya irin na jitar Stratocaster, ke kwaso shi daga fitilu da taransifoma. Matsa daga wurin, ko ka sa makunnin jitar a matsayi na 2 ko na 4, a yawancinsu nan gurnanin ke mutuwa. Huci "shhh" gein ne ya yi yawa. Kuka mai tsini, ka yi kusa da sifika ko kana fuskantarta, juya ka rage boliyum ɗin jita, kuma ka saba rufe shi duk sanda aka tsaya tsakanin waƙa da waƙa. "Dit-dit-dit" kuwa wayar salularka ce a kan amfilifaya, ɗauke ta.

In fiyus ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa. In sabon ya sake ƙonewa akwai ciwo a ciki, kar a naɗa masa waya ko takardar sigari. Kuma kar ka buɗe cikin mai kwalba da kanka, akwai kafasito da ke riƙe bolt sama da 400 ko an zare ta daga soket.

14. Kwashe kaya

Boliyum ƙasa, kashe amfilifaya, sannan ka zare wayoyi, ta kan jak ake riƙewa ba a fizgo waya. Mai kwalba a bar ta ta huce minti biyar zuwa goma kafin a ɗaga. Naɗe waya a zagaye sako-sako, ba a gwiwar hannu ba, nan ne take karyewa ta ciki. Kafin ka taɓa maɓallan ɗauki hotonsu da waya, ko ka diga musu alama a salatif, don a mota sai sun juya.

Da hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba, ita ke sa maɓalli yin ƙaras-ƙaras in an murɗa. Rufe amfilifaya da zane ko buhu duk sanda ba a aiki, fedoji a jaka mai zif. In ƙaras-ƙaras ɗin ya riga ya fara, feshin wanke maɓallan lantarki ake nema, a fesa kaɗan a murɗa sau ashirin, ba man inji ba, ba kananzir ba. Goge tsirkiya da tsumma kafin ka sa jitar a jaka, gumin dare ɗaya ya isa ya sa ta tsatsa, kuma in za ka canza sabuwa ka canza kwana ɗaya ko biyu kafin ranar taro ka ja ta ta zauna, in ba haka ba kowace waƙa sai ka koma kan tiyuna.